Bututun Agadem da gadar Gaya: mai yana wucewa, shinkafa ba ta wucewa

Malam Isuhu, Damagaram:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Akwai wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina so masana da 'yan kasuwar da ke cikinmu su taya ni duba shi. Tun daga watan Agusta na 2024 ɗanyen man Nijar ya ci gaba da gangarawa ta cikin bututu daga rijiyoyin Agadem da ke jihar Difa har zuwa tashar Seme a bakin tekun Jamhuriyar Benin, tafiyar da ta kusa kilomita 2,000, kuma kimanin kashi ɗaya bisa uku na bututun a cikin ƙasar Benin yake. Ita kuwa gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a kan kogin Kwara, wadda a da ta nan ne mafi yawan kayan da Nijar ke sayowa daga ƙetare suke shigowa, ta shafe sama da shekara biyu a rufe. Wato man da kamfanin ƙasar Sin yake da kaso mafi tsoka a cikinsa ya sami hanyar wucewa ta ƙarƙashin ƙasa, amma buhun shinkafar da talaka zai saya a kasuwar Dole ta Damagaram bai sami hanyar wucewa ta kan gada ba.

Ga waɗanda ba su bibiyi labarin daga tushe ba, Nijar ta fara haƙo mai a 2011, shekarar da aka buɗe matatar SORAZ a nan kusa da Damagaram, wadda take tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin na da kashi 60 cikin 100 a cikinta, gwamnati na da 40. A 2019, zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou, aka fara shimfiɗa bututun da zai riƙa ɗaukar ganga 90,000 a rana zuwa kasuwar duniya. Aikin na dab da kammala sai sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO ko ECOWAS, ta ƙaƙaba takunkumi, Benin ta rufe iyakarta kamar yadda ƙungiyar ta umarta. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma gwamnatin Janar Tiani ta ce ita ba za ta buɗe ba, domin a cewarta akwai sansanonin Faransa a arewacin Benin inda ake ƙulla wa Nijar sharri, zargin da Benin da Faransa duk suka musanta. A watan Mayu Shugaba Patrice Talon na Benin ya rama, ya hana jiragen dakon mai yin lodi a Seme, sai da Sinawa suka shiga tsakani aka bar jirgin farko ya ɗauka. A watan Yuni aka kama 'yan Nijar biyar a tashar, kotu ta yanke wa uku daga cikinsu ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata 18, ita ma Yamai ta tsayar da turo man. Har tsoffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, sai da suka yi tattaki zuwa Yamai kafin ƙura ta lafa.

Ra'ayina shi ne, tunda an iya yin sulhu a kan mai cikin 'yan watanni domin manya na da kuɗi a ciki, to rashin yin sulhu a kan gada zaɓi ne, ba dole ba ne, kuma talaka ne yake biyan kuɗin wannan zaɓi.

Alhaji Garba, Maraɗi:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban yi zurfi a boko ba, amma na haura shekara ashirin ina ɗauko kaya daga Kwatano, saboda haka bari in faɗi abin da idona ya gani. Lokacin da aka rufe iyaka ina da kaya a cikin wata tirela da ta riga ta baro tasha, ta zo ta shiga layin motocin da suka yi jerin gwano tun daga bakin gada har inda ido ba ya kaiwa. Direban ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙarƙashin motar, a nan yake kwana, a nan yake dafa shayinsa, ni kuma kullum ina tura masa kuɗin abinci, mai motar yana lissafa mini kuɗin kwana. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne sai muka sauke kayan, 'yan dako suka kwashe su zuwa bakin kogi, aka riƙa tsallakar da su kaɗan-kaɗan a cikin kwale-kwale, a ɗaya gefen wasu 'yan dakon suka sake lodawa a wata motar. Kowane buhu sai da aka ɗaga shi sau huɗu, kowane ɗagawa da kuɗinsa, ban da waɗanda suka jiƙe. Ribar da na sa rai ta tafi a bakin kogin nan, har da wani abu daga cikin uwar kuɗi.

Abin da nake so a lura da shi shi ne, mutane da kaya ba su daina tsallakawa ba, tsadar tsallakawar ce kawai ta ƙaru. In ɗan ta'adda ake gudu, ban ga yadda rufe gada zai tare shi ba, domin shi dama ba ta gada yake bi ba.

Abdurrazaƙ, Yamai:

Allah ya gafarta Malam, kai ma Baba Alhaji Allah ya mayar maka da alheri. Sai dai ina ganin an fara ba da labarin daga tsakiya. Mu da muke Yamai a watan Agusta na 2023 ba za mu manta ba. Nijeriya, wadda kusan kashi 70 cikin 100 na wutar lantarkinmu daga wajenta yake zuwa, ta katse wutar, aka bar asibitoci da janareto. An toshe asusun ƙasar a babban bankin yankin, kayan abinci da magunguna suka maƙale a kan iyaka, sannan shugabannin CEDEAO suka fito fili suka ce sun umarci a shirya rundunar da za ta shigo ta mayar da Bazoum da ƙarfin bindiga, kuma Benin na cikin ƙasashen da suka nuna a shirye suke su ba da gudummawa. Maƙwabcin da ya yarda a bi ta gidansa a kawo maka yaƙi, ranar da ya ce ya buɗe ƙofa ba dole ba ne kai ma ka buɗe taka a guje. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Kuma ina roƙon a yi wa gwamnatin nan adalci. Sojojin Faransa sun fice kafin ƙarshen 2023, na Amurka sun bar sansaninsu na Agadas a 2024, an karɓe lasisin haƙar yuraniyom na Imuraran daga hannun kamfanin Orano na Faransa a Yunin 2024, aka kuma mayar da kamfanin haƙar yuraniyom na Somair mallakar ƙasa a Yunin 2025. Sama da shekara hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit, amma mafi yawan ƙauyukanmu ba su san wutar lantarki ba. Duk ƙasar da ta ce za ta karɓi ragamar arzikinta sai ta sha wuya na ɗan lokaci, kuma mu mun zaɓi mu sha.

Dokta Hadiza, Zariya:

Ƙanena Abdurrazaƙ, maganarka a kan takunkumi gaskiya ce, kuma a nan arewacin Nijeriya ma mutane da yawa, har da sarakuna da malamai da sanatocin yankin, sun fito sun ƙi amincewa da batun kai yaƙi Nijar. Katse wuta da toshe hanyar magani kuskure ne babba da ya zubar wa ECOWAS mutunci a idon talakan Sahel. Amma tambayar da Malam ya yi daban ce. Takunkumin ya ƙare tun Fabrairun 2024, wanda yake riƙe da mabuɗin gadar bayan nan ba ECOWAS ba ce.

Ina so in ɗan faɗaɗa maganar, domin matsalar ƙasar da ba ta da teku ba a kan Nijar aka fara ba. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba irin waɗannan ƙasashe haƙƙin kaiwa ga teku ta cikin ƙasashen maƙwabta, amma a cikin sashe na 125 ɗin da ya ba da haƙƙin aka ce sharuɗɗan wucewar sai ƙasashen sun daidaita a tsakaninsu. Ma'ana dai haƙƙin yana kan takarda, aiwatar da shi kuwa yana hannun zaman lafiyar da ke tsakanin maƙwabta. Habasha ta rasa bakin teku da Eritiriya ta ɓalle a 1993, ta rasa tashar Asab da yaƙi ya ɓarke a 1998, tun daga nan kusan duk kasuwancinta ya rataya a wuyan Jibuti, kuma neman mafita ne ya kai ta ga ƙulla yarjejeniya da Somalilan a Janairun 2024, abin da ya tayar da ƙura tsakaninta da Somaliya. Misalin da ya fi kusa da namu shi ne Sudan ta Kudu. A Janairun 2012 ta fusata da Khartum a kan kuɗin wucewar mai, ta rufe rijiyoyinta gaba ɗaya, alhali kusan kashi 98 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatinta daga man yake fitowa. Ta yi sama da shekara guda ba ta sayar da ganga ko ɗaya ba, a ƙarshe kuma ta dawo kan bututun nan dai na Sudan, domin babu wani.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Rasha da Yukiren. Ana ruwan bama-bamai tun Fabrairun 2022, amma iskar gas ɗin Rasha ta ci gaba da bi ta cikin Yukiren zuwa Turai, Rasha tana biyan kuɗin wucewa, har sai da wa'adin kwangilar ya cika a ranar 1 ga Janairu, 2025. Wannan ya nuna mini cewa ƙasashe sun iya ware abin da ke kawo wa baitulmali kuɗi su kare shi ko ana tsakiyar yaƙi. Abin da ba su cika damuwa su kare ba shi ne ɗan cinikin da mai albasar Galmi yake yi da mai doyar Paraku.

Injiniya Bashir, Kaduna:

Ranki ya daɗe Dokta, bari in ɗora da ɓangaren aikin hannu, tunda na ɗan yi shekaru a harkar bututu. Mutane suna ɗauka bututu kamar famfon gida ne, a rufe yau a buɗe gobe. Ba haka ba ne. Man ba ya tafiya da kansa, tashoshin turawa ne da aka jera a kan hanya suke ingiza shi daga wannan zuwa waccan, kowace da injinanta da ma'aikatanta da ke kwana a daji. In aka tsayar da shi na dogon lokaci, ko kuma wata tasha ta rasa man gas ɗin da injinanta ke sha, wani irin ɗanyen mai yakan daskare a cikin ƙarfen kamar man shanu da sanyin hunturu. Haka ta faru da ɗaya daga cikin bututan da ke ɗaukar man Sudan ta Kudu a farkon 2024, lokacin da yaƙin Sudan ya hana a kula da tashoshin, aka yi kusan shekara guda kafin ya dawo aiki.

Sai maganar tsaro. Ba a iya jera soja a kan kilomita 2,000. Mutum biyu a kan babur da ɗan abin fashewa sun isa su jawo asarar makonni. A Kolambiya akwai bututun Kanyo Limon da 'yan tawaye suka fasa sau ɗaruruwa, har mutanen ƙasar suka laƙaba masa suna sarewa saboda yawan hudar da aka yi masa. Mu ma a yankin Neja Delta mun ga yadda fasa bututu ya riƙa zaftare man da Nijeriya ke fitarwa. A Nijar kuwa tun a Yunin 2024 aka kashe sojoji shida masu gadin bututun a jihar Doso, kwanaki kaɗan bayan nan kuma ƙungiyar 'yan tawayen FPL ta Mahmoud Sallah ta ɗauki alhakin fasa wani sashe nasa, tana neman a saki Bazoum. A saninmu na aikin, abin da ke tsare bututu shi ne mutanen ƙauyen da ya ratsa ta gonakinsu su ga suna da wani abu a cikinsa, su kuma yarda da jami'in da za su kai wa rahoto in sun ga baƙuwar fuska.

Masu cewa a juya bututun zuwa Chadi a haɗa da na Doba zuwa Kiribi a Kamaru, wanda ya fara aiki a 2003, su tuna cewa an duba wannan hanya tun kafin a zaɓi Benin, an kuma sake tayar da maganar a 2024. Ko da an sami mai zuba kuɗi a sabon layi na ɗaruruwan kilomita, maimakon maƙwabci ɗaya za a koma dogaro da biyu ne.

Malam Isuhu, Damagaram:

Na gode, Injiniya. Maganar tsaron nan ita ce inda hujjar rufe gada ta fi rauni a wurina. Dajin W da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso ya zama matattarar mayaƙan JNIM masu alaƙa da Alƙa'ida, su ne suka kashe sojojin Benin 28 a Janairun 2025, suka sake kashe 54 a watan Afrilu, kamar yadda gwamnatin Benin ta sanar da kanta. A ɓangarenmu kuma jihar Tilaberi ta daɗe tana zubar da jini a hannun reshen IS na Sahel. Maƙiyi ɗaya yana kai da komo a cikin daji ɗaya, amma sojojin ƙasashen da ke kewaye da dajin ba sa musayar labari, domin shugabanninsu ba sa ga-maciji. Su kuwa mayaƙan ba ruwansu da wane ne ɗan AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, wane ne ɗan CEDEAO.

Akwai wani abu kuma da ya wuce ba a tattauna shi sosai ba. A ƙarshen Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin tafkin Chadi, wadda take yaƙi da Boko Haram da ISWAP, kuma dalilin da aka bayar shi ne ana so a ƙarfafa tsaron wuraren haƙar mai. Ni mutumin gabas ne, na san abin da Difa da Boso suka gani tun 2015. In sojan da ke tsaron masunta da manoman tattasai a bakin Komadugu ne za a ɗauke a kai shi gadin ƙarfe, to ya kamata a tambaya ko man ne yake yi wa mutane hidima, ko kuwa mutanen ne suke yi masa.

Abdurrazaƙ, Yamai:

Allah ya gafarta Malam, sojan da ke bakin Komadugu da albashi yake aiki, albashin kuma daga man yake fitowa. Ƙasar da aka yanke wa tallafin Turawa, wanda a da yake cike wani babban giɓi a kasafin kuɗinta, in ta bari aka fasa hanyar kuɗinta guda ɗaya da ta rage, to ba Difa kaɗai ba, ko Yamai ba za ta iya tsarewa ba. Dubi abin da JNIM ta yi wa Mali tun daga Satumban 2025: ba ta nemi kama Bamako da yaƙi ba, tankokin man da ke shigowa daga Senegal da Kodebuwa kawai ta riƙa tarewa tana ƙonawa, har gidajen mai suka ƙafe, aka rufe makarantun ƙasar na mako biyu. Waɗannan mutane sun gane cewa mai shi ne jijiyar wuyan gwamnati. Saboda haka tsare bututu ba fifita ƙarfe a kan mutum ba ne.

Game da masu cewa mun gudu daga Faransa mun faɗa hannun Sin, ina tunatar da su cewa a Maris na 2025 gwamnatin nan ta sallami manyan jami'an Sinawa uku na CNPC da WAPCO mai kula da bututun da SORAZ, kuma daga cikin dalilan da aka bayar har da tazarar albashi tsakanin ma'aikacin da aka kawo daga waje da ɗan ƙasa mai yin aiki iri ɗaya. Wace gwamnati ce a baya ta taɓa ɗaga wa mai zuba jari yatsa haka?

Dokta Hadiza, Zariya:

Misalin Mali da ka kawo ya yi ma'ana, amma in ka duba da kyau ni yake goyon baya. An iya shaƙe Bamako ne saboda hanyoyin da man ke shigowa kaɗan ne. Ƙasar da ba ta da teku, kariyarta ita ce ta yawaita ƙofofi, in an tare wannan ta bi waccan. Nijar kuwa da hannunta ta rufe ƙofar da ta fi kusa kuma ta fi sauƙi, ta mayar da kayanta hanyar Lome ta ƙasar Togo, wadda dole ta ratsa arewacin Burkina Faso ta Kaya da Dori kafin ta shigo Tera, wato ta tsakiyar yankin da mayaƙan suka fi ƙarfi.

A kan Sinawa kuma, korar mutum uku abu ne da ake gani a talabijin, amma a duba takardun bashi. A Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC a matsayin kuɗin man da ba a riga an sayar ba, da kuɗin ruwa kashi 7 cikin 100, a biya cikin shekara guda. Kason Nijar a man da ke bi ta bututun kuwa kimanin kashi 25 cikin 100 ne. Mai haƙowa shi ne, mai bututun shi ne, mai matatar shi ne, mai ba da bashi shi ne, kuma da aka yi faɗa da Benin shi ne ya yi sulhu. Ban ce Sin ta yi wani abin da Faransa ko Amurka ba za su yi ba a matsayinta, kowane mai jari ribarsa yake nema. Na ce ne kawai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ƙasar da ta ɓata da maƙwabtanta da tsoffin masu ba ta bashi a lokaci guda, ba ta da ƙarfin taya farashi a gaban wanda ya rage mata.

Sanusi, Katsina:

Ina gaida manya. Ni abin da ke damuna a matsayina na ɗan Nijeriya shi ne yadda muka yi sakaci har bututun ya tafi Benin. A Yulin 2018 Shugaba Buhari da Shugaba Issoufou sun shaida sa hannu a kan yarjejeniyar gina matata a nan jihar Katsina, wadda za a riƙa kawo mata ɗanyen mai daga Nijar. Har yau ba mu ga harsashinta ba. Da an yi ta, da man Agadem yana da kasuwa a kusa, da kuma gwamnatocin biyu sun yi tunani sau biyu kafin ɗaya ta katse wa ɗaya wuta, ɗayar kuma ta fito a Disambar 2024 tana zargin Abuja da haɗa baki da Faransa a kan Lakurawa, zargin da Nijeriya ta ƙaryata.

Kuma alaƙar man da ke tsakaninmu ta fi abin da gwamnatoci ke rubutawa. Duk wanda ya bi hanyar Jibiya zuwa Maraɗi a shekarun baya ya ga kwalabe da jarkoki jere a bakin titi, fetur ɗin da mu muke kira na 'yan bumburutu, su kuma suke kira ruwa-ruwa. Tallafin man Nijeriya ne yake shayar da baburan Maraɗi da Ƙonni ba tare da an rubuta a ko'ina ba. Da Shugaba Tinubu ya cire tallafin a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya tashi a nan, fasa-ƙwaurin ya daina biya, duk masu sayen ruwa-ruwa suka koma gidan mai, sannan a 2024 gwamnatin Nijar ta rage lita zuwa sefa 499. Matatar da ke tace ganga 20,000 ba ta iya ɗaukar wannan nauyi ba, shi ya sa a Maris na 2025 ƙasar da ke fitar da ɗanyen mai zuwa ƙetare ta wayi gari da dogayen layuka a gidajen mai, har tawaga ta zo Abuja neman a taimaka da tankoki. Ga kuma matatar Dangote mai ganga 650,000 a rana tana neman kasuwa a yankin. Lissafin ciniki ya ce mu haɗa kai, siyasa ce ta ce a'a.

Injiniya Bashir, Kaduna:

Sanusi ya tuna mini da babban aikin da ya fi wannan, wato bututun iskar gas da ake so ya tashi daga Nijeriya ya ratsa Nijar zuwa Aljeriya, mai tsawon sama da kilomita 4,000, wanda zai riƙa kai wa Turai gas har kubik mita biliyan 30 a shekara. Turawa sun sake waiwayarsa bayan sun ɓata da Rasha a 2022. A Fabrairun 2025 ministocin ƙasashen uku suka sa hannu a kan sababbin takardu a birnin Aljiyas, a watan Afrilu kuma Aljeriya ta harbo jirgi marar matuƙi na Mali a kusa da Tinzawatan, Nijar ta bi sahun ƙawayenta na AES ta janye jakadanta. Mai banki da ke Turai ko Asiya yana karanta waɗannan labarai, yana kuma tuna harin In Amenas a Aljeriya na Janairun 2013 da na Palma a Mozambik a 2021, wanda ya sa kamfanin Total ya dakatar da aikin gas na dala biliyan 20 na tsawon shekaru. Kowace rigima da maƙwabci tana ƙara kuɗin ruwan da za a caje mu a aikin gaba.

Abdurrazaƙ, Yamai:

Dokta, na karɓi gyara a kan batun bashin, ban san sharuɗɗansa sun kai haka ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa kafin a buɗe gadar sai Benin ta ba da tabbaci a rubuce game da sojojin ƙetare da ke ƙasarta, a kuma kafa kwamitin sojojin ƙasashen biyu da zai je ya gani da ido. In aka yi haka ni ne na farko da zan goyi bayan buɗewa.

Malam Isuhu, Damagaram:

To ai mun kusa haɗuwa, ɗana, domin irin wannan kwamiti ba ya bukatar a jira shekara biyu. Jami'an Nijar suna zuwa Seme duk lokacin da jirgi zai yi lodi domin su ƙirga gangunansu, Benin kuma tana karɓar kuɗin wucewarta. In an amince wa juna a kan ƙirga ganga, me zai hana a aika wasu jami'an su duba sansanonin da ake magana a kansu? Alhaji, kai da kake kan hanya, yaya kayanka suke zuwa yanzu?

Alhaji Garba, Maraɗi:

Ta Lome, Malam. Motoci sukan taru a Kaya su jira har a haɗa ayari, sannan sojoji su rako su zuwa Dori, daga nan su shigo Tera, kuma ba direba ne ke sa ranar tashi ba. Tafiyar da a da nake lissafa mata kwanaki, yanzu makonni nake lissafa mata, wani lokaci har fiye da wata, kuɗin mota ya ninka, wasu direbobin kuma ko nawa za a ba su sun ce ba za su bi hanyar ba, domin sun ga ƙonannun motoci a gefen titi. Yaron da ya yi mini wancan zaman a bakin gadar Malanbil ya ajiye tuƙin tirela, yanzu a Gaya yake, ya haɗa kuɗi da wani ɗan'uwansa sun sayi kwale-kwale mai inji. Kwanan baya ya kira ni yana tambaya ko ina da kayan da zai tsallakar mini.